Ɗanɗanon Gonar Dutse

Vaucharme, 9 ga Fabrairu, 1974

Maigidana Anselme,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma sanyin duwatsun da suka kai ka jinya? Ina fata kana cin abin da suke ba ka, ko da dafaffen karas ne ba gishiri, kuma ka daina yi wa masu jinya faɗa kamar su suka ɗora maka ciwon hanta. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Tun tafiyarka ban ga ko layi ɗaya daga hannunka ba. Sai jiya ƙanenka Firmin ya faɗo min kicin da takalma duk taɓo, ya zaro wasiƙarka yana karanta min kamar sanarwar gwamnati. Wai likita ya raba ka da giya har abada, saboda haka a nemi dillalin nan na Beaune a sayar masa da gonakin inabinmu, ta Bayan Coci da Gonar Dutse, har da gangunan giyar da ke ɗakin ƙasa. Wai manomin da ba zai ɗanɗana giyarsa ba makaho ne da aka ba kiwon awaki. Anselme, shekara talatin da ɗoriya muna kwana gado ɗaya, Allah bai ba mu ɗa ba sai waɗannan gonakin, amma a bakin Firmin zan ji za ka rabu da su? Na ji haushi, kuma har yanzu ban huce ba.

Na tambaye shi wa zai kula da gangunan kafin a gama cinikin. Ya ce, "Matar yaya, ni ɗan aike ne, kar ki sauke a kaina. Cikawa dai zan riƙa cika su. Ɗanɗano kuwa, kin san taba ta daɗe da cinye min harshe, ko ruwan wanki kika ba ni cewa zan yi ya yi." Ya shanye min gahawa ya kama gabansa.

To ga abin da na yi, gara ka ji daga bakina. Yau da safe na ɗauki mabuɗi na sauka ɗakin ganguna. Na san abin da za ka ce. Ban manta ranar da mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, ta tare ƙofar nan da hannu a ƙugu, ina amarya, ta ce mace ba ta sauka ƙasa, numfashinta yana sa giya ta yi tsami. Na bi maganarta duk shekarun nan. Na datse rassa cikin sanyi, na tsinki inabi, na wanke kwalabe, na dafa wa masu girbi, amma da zarar inabi ya wuce ƙofar nan ba na sake ganinsa sai a tebur, an riga an yanke masa hukunci.

Ashe haka ƙasan gidana yake! Shiru, sanyi mai taushi, ƙamshin jiƙaƙƙen dutse da tsohon katako. Gangunan suna kwance a jere kamar shanun da suka ƙoshi. Na kunna kyandir, na ga ƙoƙonka na azurfa rataye a ƙusa, gefensa ya suɗe daidai inda kake sa baki. Na daɗe ina kallonsa kafin in taɓa.

Na zura bututun gilashi a gangar farko ta Bayan Coci, jar giyar ta hau a hankali. Kurɓin farko bauri kawai na ji, har na ce, wannan ne abin da maza suke ɓoyewa? Sai na tuna yadda kake riƙe ta a baki kana jan iska kamar mai shan miya da zafi. Na yi haka. Sai ga itacen cerin kakata mai jajayen 'ya'ya ya tsaya a gabana, wanda aka sare tun ina yarinya, ga ni a kan reshe da baki jajir. Bayansa kuma ganyen kaka da ruwa ya jiƙa, a kan hanyar da ke bi ta bayan maƙabarta. Na zauna a kan matakala har kyandir ya kusa cinyewa.

Firmin ya ce dillali ba zai kawo takardu ba sai ƙarshen Yuni. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka sa hannu a komai kafin nan. Ka rufe ƙirjinka da kyau in za ka fita.

Matarka mai fushi da kai kuma mai kewarka,
Honorine

Vaucharme, 17 ga Afrilu

Tsohona,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikin, yaya barci? Babbar mai jinya ta rubuto min cewa kumburin ƙafafunka ya saɓe kuma ka fara zagaya lambu. Na gode wa Allah, na gode mata, tunda ita ta san ana amsa wasiƙa.

Bazara ta shigo. Inda muka datse, rassan suna ɗigar ruwa, ƙananan ganye sun fara leƙowa a Gonar Dutse. Kullum da safe, kafin in sa komai a baki, sai in sauka ƙasa. Na gane harshe ya fi gaskiya kafin gahawa, abin da ba ka taɓa gaya min ba, marowaci.

Ka san ganguna suna waƙa? Tabbas ka sani. Ni dai ran nan na cire toshiyar wata na kara kunne, sai na ji ƙaramar ƙara, tas-tas-tas, kamar ana suya a gidan maƙwabta. Na tsorata, na zaci na ɓata wani abu. Sai na tuna mahaifinka yana cewa idan ruwa ya hau kurangar inabi a gona, giyar da ke ƙasa ma sai ta motsa, domin ba ta manta uwarta ba. Da can dariya nake yi masa. Yanzu nakan bi su ɗaya bayan ɗaya ina saurare, kowace da muryarta.

Jar Bayan Coci ta fara sakin jiki. Baurin ya kwanta, ta koma kamar mutumin da ya gama faɗa ya zauna a bakin murhu. Amma farar Gonar Dutse ce ta sace min zuciya, musamman gangar da ke can kusurwa. Launinta na ciyawar da ta fara bushewa ne, da ɗan kore-kore a gefe. Da farko tuffa ɗanya, sai man shanu a kan burodi mai zafi, can ƙarshe kuma wani abu mai sanyi da ba shi da suna, wanda yake daɗewa bayan an haɗiye. Na yi kwanaki ina neman inda na san shi. Ina wanke tukunya ya faɗo min. Ka tuna shekarar da muka yi aure, ranar da hadari ya kama mu a saman gonar, muka fake a ɗakin duwatsun nan na makiyaya? Ƙamshin farin dutsen ne lokacin da ruwan farko ya sauka a kansa da zafinsa. Kai kana ta zagin ƙanƙara, ni kuwa ina addu'a kada ruwan ya ɗauke. Ashe duk shekara kana zuba ranar nan a ganga, kana sha kai kaɗai a ƙasa.

Wani lokaci ina zaune a wurin sai in rasa ko safiya ce ko yamma. Nakan ji kamar in na juya zan gan ka a bayan ganga da alli a kunne. Ina son wurin nan, Anselme, kuma ina jin zafin shekarun da aka hana ni shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya na buɗe gangar kusurwar, maimakon tuffa sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni. Na rufe, na sake buɗewa jiya, ya ƙaru. Firmin ya zo cika ganguna ya tarar da ni a ƙasa da ƙoƙonka a hannu. Ya yi tsaye kamar ya ga fatalwa, sannan warin ya kai masa, duk da hancin nasa na taba. Ya ɗora hannu a ka ya ce, "Shi ke nan! Inna ta faɗa! Gangar da ta fi kowace, ita kika hura wa numfashi. Matar yaya, me ya kai ki? Yanzu dillali ya ji wannan ai ko kyauta ba zai karɓa ba."

Na ce masa ya fita min da gani, amma da ya tafi na yi kuka. In da gaske numfashina ne fa? Ka gaya min abin da zan yi. In ba za ka rubuta wa matarka ba, rubuta wa gangarka, zan karanta mata.

Taka, cikin damuwa,
Honorine

Vaucharme, 12 ga Yuni

Anselme nawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fata zafin da ya fara bai takura maka ba. An ce ka yi ƙiba kaɗan har wandonka ya daina zamewa. Madalla.

Na jira amsarka har na gaji, mai kawo wasiƙa ya fara sunkuyar da kai in zai wuce ƙofarmu. Da na ga zama ba zai yi ba, sai na haura wurin tsohuwa Philomène, gwauruwar nan ta bakin rijiya. Na same ta tana ɓare wake. Ban gama ba ta labari ba ta fashe da dariya har haƙorinta ɗaya tilo ya fito.

Ta ce, "Numfashin mace! 'Yar nan, lokacin yaƙin duniya na farko da aka kwashe mazan garin nan kaf aka kai su sansani, wa ya yi giyar shekarun nan? Mala'iku? Ni da surukarki muka yi ta, da zanenmu ɗaure a ƙugu. Da mazan suka dawo suka sha suka ce ba a taɓa irinta ba, sannan suka karɓe mabuɗi. Ita kuma don kar a ce ta taɓa sauka, ta fi kowa tsare ƙofa." Na ce to warin fa? Ta ce, "Ba ruɓewa ta yi ba, shaƙewa ta yi. Ta daɗe kwance a kan lakarta ta gindin ganga ba wanda ya ɗaga ta. Ke ma a rufe ki wata shida a ɗaki mu ji ƙamshinki. Ɗauko tukunyarki ta jan ƙarfe, wadda kike dafa jam ɗin 'ya'yan itace a ciki."

Da sandarta ta sauka matakalar, tana zagin duk wanda ya gina ta. Muka wanke ganga sabuwa, muka riƙa sakin giyar daga sama tana faɗowa cikin tukunyar tana kumfa, daga nan mu juye. Warin ya cika ɗakin har idona ya yi ruwa. Philomène tana zaune a kan akwati tana ba da umarni kamar janar: "Ɗaga hannu! Bar ta ta sha iska! Tsaya, kin kai laka, kar ki haɗa mata da datti." Hannuwana sun yi kwana uku ba sa ɗaguwa.

Ta ce in bar ta ta huta, kar in dame ta. Na daure mako biyu, ina wucewa ta gabanta kamar mai wuce ɗakin mara lafiya. Ranar da na buɗe, Anselme, na rufe ido kafin in kai hanci. Tuffar ta dawo. Man shanun ya dawo, har da ɗan zuma da babu shi a da. Dutsen nan kuwa ya fito fes, ya fi na da tsawo, kamar an wanke taga. Na kai wa Philomène a kofi, ta kurɓa, sannan ta ce, "Mijinki jaki ne." Na isar maka da saƙo yadda aka ba ni.

Dillali ya zo ranar Talata da farar mota da takalma masu ƙyalli. Mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba. Ya ɗanɗana duka, da ya zo kan ta kusurwa ya ɗaga gira ya ce, "Madam, wannan ai sarauniya ce." Na tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce zai haɗa ta da farar giyar wasu ƙauyuka huɗu, ta ɗaga musu daraja, a sa sunan kamfaninsa a kwalba. Haka sana'arsa take. Amma ni sai na ji kamar an ce za a zuba ranar hadarin nan tamu a cikin kogi.

Inabi ya yi fure. Da yamma ƙamshinsa yana shigowa har kicin, siriri, in ka neme shi ya ɓace, in ka manta da shi ya dawo. Nakan zauna a bakin ƙofa in ga kamar tudun gaba ɗaya yana numfashi.

Firmin zai taho maka da takardun ranar Asabar ta sama. Ba zan ƙara roƙonka ba, ƙasar ubanka ce, hannunka ne. Zan ba shi safa biyu da na saƙa maka. Ka buɗe su da kanka, kuma a hankali.

Matarka,
Honorine

Vaucharme, 24 ga Yuni

Maigida,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ta kullum. Yaya jiki, yaya gajiyar baƙo? Na san Firmin ba ƙaramin aiki ba ne ga mai lafiya ma, balle mai jinya.

Jiya da la'asar ya sauka daga motar haya, bai ko biya gidansa ba ya wuce nan, da kwat ɗinsa ta zuwa coci duk ta yamutse. Ya zauna ya ce in ba shi ruwa. Na ba shi, ban tambaye shi komai ba. Ya ba ni labarinka, ban sani ba ko ya ƙara gishiri, sai ka gyara in ya yi ƙarya.

Wai ya shimfiɗa maka takardu a tebur a bakin taga, ya cire wa alƙalami hula ya miƙa maka. Kai kuwa ka jawo ƙunshin safa kana gunaguni, wai wa yake sa safar ulu a watan Yuni, sai ga 'yar kwalbar maganin tari, wadda na cika daga gangar kusurwa, ta faɗo a cinyarka. Ya ce ka ɗaga ta a hasken taga ka daɗe kana kallo. Ka cire toshiya, ka kai hanci, daga nan ya yi maka magana sau biyu ba ka ji ba. Sai ka aiki mai jinya ta kawo kofin gilashi da kwano. Ta ce, "Likita fa ya hana." Ka ce, "Ya hana ni haɗiya, 'yata, bai hana ni sani ba." Ka kurɓa, ka juya ta a baki, ka ja iska, ka tofar a kwano. Ya ce ka rufe ido, kuma gemunka yana rawa, ko da yake ya ce kar in gaya maka ya gani.

Wai da ka buɗe ido sai ka ce, "Wa ya juye ta?" Ya ce, "Matarka, da tsohuwa Philomène, da tukunyar jam." Ka ce, "Sun makara. Tun Maris ya kamata a ɗaga ta." Na makara! Ni da na rubuto maka ina kuka ka yi min kunnen uwar shegu! Wannan maganar tana nan, na ajiye maka ita sai ka dawo.

Firmin ya ce ya turo maka takardun, ya ce, "Yaya, mota za ta tashi." Ba ka ko kalle su ba. Ka ɗauki kofin, ka karkata shi a bakin 'yar kwalbar, ka mayar da sauran a hankali har ɗigon ƙarshe, ka toshe, ka miƙa masa ka ce, "Kai mata. Ta mayar inda ta ɗebo."

Nan ya tsaya da labarin, ya zaro kwalbar daga aljihun ƙirji ya ajiye min a tebur. Ya ce, "Matar yaya, kin dai san abin da wannan yake nufi. Mai saye shi ke watsar da saura a ƙasa. Mai ganga mayarwa yake yi." Sannan ya fito da takardun, fari fat inda aka bar wa hannunka, ya ce in ba shi aron murhu in ina da buƙatar hura wuta.

Ban san lokacin da na zauna ba. Na rufe fuska da gyalen girki na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar da motar asibiti ta tafi da kai. Firmin ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta kallon rufi yana cewa ƙurar hanya ta shiga masa ido.

Da na natsu na ɗauki kwalbar na nufi ƙofar ƙasa. Ya biyo ni. A bakin matakala ya tsaya, ya cire hularsa, ya kunna kyandir ya ce, "Wuce gaba, ni zan haska miki."

Na cire toshiyar gangar kusurwa. Abin da ka dawo da shi bai fi cokali uku ba, ya yi tafiyar yini guda a aljihun Firmin, ya yi ɗumi. Na zuba shi a hankali yadda aka ce ka yi. Giyar ta ɗago har bakin ramin, ta yi ɗan rawa a hasken kyandir, sannan ta kwanta.

Ka gama jinyarka ka dawo kafin girbi, ka yi min faɗan makara a gabana. Kai ka shaƙa ka tofar ka yanke hukunci, ni in haɗiye rabon mu biyu.

Matarka da ke jiranka a ƙasa,
Honorine